Tarihin iccen Nowel: daga masu gadin daji na 1521 zuwa gonar sapen

 

Kowace shekara in Disamba ta kama, wanda ke Yamai yana ganin abin da idonsa. Bakin manyan kantuna, cikin otal da bankuna, an kafa wani koren icce mai tsini, an rataya masa ƙwallaye masu walƙiya da ƙananan ampul. A Maraɗi da Damagaram da Tawa ma ana ganinsa jefi-jefi. Mu da muka yi lakwal, cikin littafin karatu muka fara saninsa da sunan sapen, tun ba mu taɓa ganinsa ido da ido ba. Makon jiya wani mai saurare ya kira yana tambaya: wai iccen nan daga ina ya fito, kuma mi ya sa sai shi? Minti biyu na waya ba su isa amsa ba, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta.

Abin da ya fi jan hankalina cikin tarihin shi ne wanga: da yawa daga cikin tsofaffin takardun da suka ambaci iccen Nowel, takardun kuɗi ne da dokokin gandun daji. Tun ranar farko, labarin iccen nan yana tafe da tambaya guda: wa zai sara, kuma wa zai tsare? Ku biyo ni ku ji.

Asalin al'adar yana yankin Alsace, a gabashin Faransa ta yau, bakin kogin Rhin, iyaka da Jamus. Shekaru 500 baya, yankin yana cikin daular Jamusawa, kuma Jamusanci mutanensa ke ji. Babban birninsa Strasbourg bai shiga hannun Faransa ba sai a 1681. Hunturun can ba irin namu ba ne. Ranar 21 ga Disamba, hasken rana awa 8 ne da ɗan kai, alhali mu nan ba ya kasa awa 11. Ƙasa tana daskarewa, ba noma ba lambu, itatuwa duk sun kakkaɓe ganye sun tsaya tsirara. Sapen da danginsa su kaɗai ke zama kore shar, don ganyensu siriri ne kamar allura, sanyi ba ya kayar da shi. Mutumin da ya yi watanni bai ga ɗanyen ganye ba, ai ba abin mamaki ba ne in ya yanko reshe ya shigo da shi ɗaka. Tun zamanin Rumawa ana ƙawata gidaje da koren ganye lokacin shiga sabuwar shekara.

Akwai kuma wani tushe na biyu. A tsohuwar kalandar Kiristocin yankin, 24 ga Disamba rana ce ta tunawa da Adamu da Hawwa'u. Akan yi wasan kwaikwayo bakin majami'a, a kafa icce a matsayin iccen Aljanna, a rataya masa tuffa, wadda muke ce ma pom. Da yake cikin hunturu ne, koren iccen da ake samu shi ne sapen. Masana tarihi da dama suna ganin daga nan jajayen ƙwallayen yau suka samo asali.

A 1494, wani marubuci ɗan Strasbourg, Sebastian Brant, ya fitar da littafinsa mai suna Jirgin Wawaye, inda ya yi ba'a ga masu cusa rassan sapen cikin gida a sabuwar shekara. Kun ga ke nan abin ya riga ya zama ruwan dare, tunda har ya isa a yi masa ba'a.

Sai 1521. A wani gari na Alsace mai suna Sélestat, magatakardan gari ya rubuta cikin kayen kuɗi cewa an biya masu gadin daji schilling 4, dangin kalmar nan da ta zamo sule a bakin Hausawa, don su tsare itatuwan dajin gari tun daga ranar 21 ga Disamba. Takardar tana nan ajiye a garin har gobe, kuma da ita mutanen Sélestat ke alfahari cewa su ne mafarin iccen Nowel. Birnin Riga na ƙasar Latbiya da Tallinn na Estoniya su ma suna da nasu iƙirari, amma wanga layi guda na Sélestat shi aka fi kafa hujja da shi. Ku lura da abin da layin ke faɗi. Mutane sun yi yawa cikin daji da gatari, har sai da hukumar gari ta fidda kuɗi ta sa gadi.

Shekaru 40 bayan haka, a 1561, wani garin Alsace mai suna Ammerschwihr ya kafa doka: kowane magidanci icce guda kawai zai sara don Nowel, kuma kada tsawonsa ya wuce ƙafa 8, wajen mita biyu da rabi. Dalili a fili yake. Daji shi ne arzikin gari, daga cikinsa ake samun iccen girki da na ɗumama ɗaki da katakon gini. Sapen kuma yana ɗaukar shekaru gommai kafin ya isa katako. In kowane gida ya sare matashin icce kowace Disamba, to jikoki ba su da azara.

A 1605 ne aka samu bayani na farko dalla-dalla daga Strasbourg: ana kafa sapen cikin ɗakin zama, a rataya masa furannin takarda masu launi, da tuffa, da ɗan burodi mai laushi, da alewa. Kada ku ɗauka malaman addinin Kirista sun yi maraba da abin nan take. Wajajen 1640, wani babban mai wa'azi na majami'ar Strasbourg, Johann Conrad Dannhauer, ya soki al'adar, yana ganin wasan yara ne da ke shagaltar da mutane daga ibada. Labarin da ake yawan bayarwa cewa Martin Luther ne ya fara kunna buji bisa icce, tatsuniya ce da ta bayyana daga baya. Ƴan Katolika kuwa sun daɗe suna kallon iccen a matsayin al'adar ƴan Furotesta. Sai a 1982, zamanin Paparoma Jean-Paul II, aka fara kafa shi a dandalin Saint-Pierre na Batikan. Wato ga mai tambaya ko iccen yana cikin Linjila: ba ya ciki. Al'adar wani yanki ce ta manne ma buki, kamar yadda kowace al'umma ke da abin da ta ƙara ma sallarta na ci da ado.

Akwai wani labari da mutanen duwatsun Vosges, maƙwabtan Alsace, ke bayarwa, wanda mu ƴan Sahel za mu gane da sauri. Suna cewa a 1858 an yi fari, tuffa ba ta yi ba, aka rasa abin ratayawa. Sai wani mai hura gilashi na garin Goetzenbruck ya hura ƙwallayen gilashi a madadin ɗiyan icce. Labarin baka ne, amma sana'ar ƙwallayen tana nan a yankin har yau, a garin Meisenthal.

To ta yaya al'adar wani ɗan yanki ta cika duniya? Ta hanyar aure, da jarida, da yaƙi.

Gidajen sarautar Turai sun yi ta auren ƴaƴan sarakunan Jamus, kowace amarya kuma ta zo da al'adar gidansu. A Ingila, Sarauniya Charlotte, Bajamushiya matar Sarki George III, ta kafa icce ta yi ma yara walima a Windsor a 1800. A Faransa, Hélène de Mecklembourg, wadda ta auri ɗan Sarki Louis-Philippe a 1837, ta kafa shi a fadar Tuileries ta Paris. Amma duk wannan cikin fada ya tsaya. Abin da ya fito da shi waje shi ne zane guda. A Disambar 1848, jaridar Illustrated London News ta buga zanen Sarauniya Biktoriya da mijinta Yarima Albert, shi ma Bajamushe, da ɗiyansu kewaye da icce mai ado. Shekaru biyu bayan haka, wata mujallar mata ta Amurka, Godey's Lady's Book, ta sake buga zanen, amma ta cire kambin sarauniya da gashin bakin yarima don su yi kama da iyalin Amurka. Daga nan duk mai ɗan hali ya ce shi ma sai ya yi. Da a yau ne, sai mu ce hoton ya yi yawo a Facebook.

Talakan Faransa kuwa yaƙi ne ya kai masa. Bayan yaƙin 1870 zuwa 1871, Jamus ta karɓe Alsace. Dubban ƴan yankin da suka ƙi zama Jamusawa suka yi ƙaura zuwa cikin Faransa, wasu har Aljeriya, suka tafi da al'adarsu. Kafa sapen ya zama wata hanyar tunawa da ƙasar da aka rasa. Daga Faransa ne ya biyo ma'aikatan mulkin mallaka da ƴan mishan da littattafan lakwal ya iso ƙasashenmu, inda 25 ga Disamba ta zama ranar hutu a Nijar har yau.

A Rasha ma an ga abin mamaki. Ƴan kwaminis sun hana bukin Nowel da iccensa a ƙarshen shekarun 1920. A Disambar 1935 sai suka maido da iccen, amma da sunan iccen sabuwar shekara, ba ruwansa da addini. Shi ya sa har yau a ƙasashen Musulmi da suka fito daga Tarayyar Sobiyet, irin su Kazakistan da Uzbekistan, ana kafa shi don ranar 1 ga Janairu.

Yanzu mu koma ga gatari. Abin da ya dami ƙaramin gari kamar Sélestat, ku kwatanta shi da lokacin da manyan birane suka shiga. A 1851, wani mai saran icce, Mark Carr, ya jawo kaya biyu na sapen da shanu daga duwatsun Catskill, ya kai birnin Niyok ya sayar tas. Kasuwa ta buɗe ke nan. A 1882, Edward Johnson, abokin aikin Thomas Edison, ya kunna ampul 80 na kuran bisa iccensa a Niyok, daga baya aka samu sauƙin gobarar da buji ke jawowa, masu so suka ƙaru. Dukkan waɗanga itatuwa daga daji ake saro su. Zuwa wajajen 1900, jaridun Amurka sun fara kuka cewa bukin zai cinye dazuzzuka, wasu har suna kira a bar al'adar. A Jamus kuma an riga an fara yin icce na gashin dinya da aka rina kore aka ɗaura bisa waya. Shi ne kakan na roba da muke gani yau.

Hani da gadi da kukan jarida sun rage ɓarna, amma ba su ne suka kawo ƙarshenta ba. Noma ne ya kawo. A 1901, wani manomi a jihar New Jersey, W. V. McGalliard, ya dasa sapen 25,000 a gonarsa kusa da garin Trenton. Ya jira shekaru 7, sannan ya fara sayar da kowane guda dalar Amurka 1. Wasu suka gani suka bi. Shugaban Amurka Franklin Roosevelt da kansa ya noma iccen Nowel a gonarsa ta Hyde Park, har yakan kira kansa manomin itatuwa.

Yau kusan duk sapen na gaske da ake sayarwa a Turai da Amurka daga gona yake fitowa. Ana renonsa shekaru 5 zuwa 10 kafin ya kai mita biyu, ana yi masa aski don ya yi tsini, in an sare layi a dasa wani. Faransa tana sayen miliyan 5 zuwa 6 kowace shekara, kuma yankin Morvan shi ne babbar gonarta. Ƙaramar ƙasar Danmak tana noma kimanin miliyan 10 a shekara, mafi yawa don sayarwa waje. Irin da Turawa suka fi so, Nordmann, don ganyensa ba ya saurin zuba, mafi yawan ƙwayarsa daga ƙasar Jojiya take zuwa, yankin Racha, inda matasa ke hawa itatuwa masu tsawon sama da mita 30 su tsinko ta, wasu har su rasa rai, kuma su ne ke samun mafi ƙanƙantar rabo cikin cinikin. Har kyauta ake yi da shi tsakanin ƙasashe: tun 1947 birnin Oslo na Norwe ke aika ma Landan babban icce kowace shekara, godiya ga taimakon yaƙin duniya na biyu.

Wanda ke isowa kantunan Yamai kuwa na roba ne, don sapen ba ya jure zafinmu. Galibin irinsa daga ƙasar Sin yake fitowa, inda birni guda, Yiwu, ke yin fiye da rabin kayan adon Nowel na duniya.

To, jama'a, ga inda labarin ya taɓa mu. Al'adar sapen ba tamu ba ce, amma tambayar da aka yi a Sélestat a 1521, tamu ce sosai. Mu ma muna da iccen da ke kore cikin Disamba lokacin da karkara ta bushe: gawo. Shi yana kakkaɓe ganye da damina, ya bar ma hatsi rana da taki, ya yi sabon ganye da rani, ɗiyansa kuma su ciyar da dabbobi. Kakanninmu sun san darajarsa. A Damagaram har yau ana ba da labarin hukunci mai tsanani da Sarki Tanimun ya sa ga mai saran gawo.

Da Turawa suka zo, dokar 4 ga Yuli 1935 ta tsara gandun daji a Afirka ta Yamma ta Faransa, sannan bayan ƴancin kai dokar 1974 ta bi sawunta, da jerin itatuwan da aka hana taɓawa, ciki har da gawo. Niyya mai kyau ce. Amma a idon manomi, icce ya zama na gwamnati ko da cikin gonarsa yake. In ya sare reshe ba takarda, tara. Mi kuke tsammani zai yi? Da ya ga tsiro sai ya tumɓuke tun yana ƙarami, kada ya girma ya jawo masa magana. Aka haɗa da farin 1973 da na 1984, gonaki suka koma fili fetal, iska na binne shuka da rairayi. An sa 3 ga Agusta ta zama ranar dashen icce tun 1975, an yi babban taron Maraɗi kan hamada a Mayun 1984, an dasa da yawa, kaɗan suka rayu.

Abin da ya juya lamarin kun san shi, don cikin gonakinku aka yi: sassaben zamani. A Maraɗi, tun 1983 wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya yi ta nuna ma manoma cewa kututturan da ke gona suna da rai, a zaɓi reshe biyu ko uku a bari, a sassabe saura. A Magariya da Matamai da Mirya manoma suka riƙa barin gawo yana tashi. Yayin da hannun hukuma ya yi sassauci, manomi ya fara jin cewa iccen da ya rena nasa ne, sai ya kula da shi. Masu bincike sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200 da suka dawo ta haka. Daga baya doka ta biyo baya: sabuwar dokar gandun daji a 2004, da kuma dokar 2020 da ta tsara sassaben zamani ta amince da haƙƙin manomi kan iccen da ya rena.

Kun ga hanya guda ce da ta sapen. Can, daji ya huta ranar da icce ya zama amfanin gonar wani. Nan, gawo ya dawo ranar da manomi ya tabbata nasa ne.

Sai dai aikin bai ƙare ba, kuma wanga lokaci na ɗari shi ne na gwaji. Yanzu ne buƙatar iccen wuta ke tashi, gonaki ba kowa, masu gatari na shiga da dare. Manomin da ya yi shekaru 10 yana renon gawo, ya wayi gari ya tarar da kututture, in ya kai ƙara bai samu mai saurarensa ba, gobe ba zai sake barin tsiro ba. Gadi yana da amfani har yanzu, amma ya zama gadin da ke tsaya ma mai icce: mai gari, da kwamitin ƙauye, da ma'aikatan gandun daji su kama ɓarawo, su bar manomi ya yi sassabensa cikin kwanciyar hankali. Mu kuma na birni da ke sayen icce bakin hanya, mu riƙa tambayar daga ina ya fito, wanda ke da hali ya koma ga gaz ko murhu mai tattalin icce.

Ga mai saurarenmu da ya yi tambaya, ina fatan ka samu amsa. Ga ƴan uwanmu Kirista, barka da Nowel, a yi buki lafiya. Ga manoma da masu lambu da ke cikin ruwan sanyi tun asuba, Allah ya sa albarka. Ku faɗa muna yadda ake tsare gawo a garuruwanku, za mu karanta a shiri mai zuwa in Allah ya kai mu.